Ga Yaran Zango Masu Fama da Murɗar Ciki

'Ya'yana, maganar yau ta ciki ce, irin wadda kuke jin nauyin yi a gaban manya.

Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko daga masallaci, ɗan ƙanwata mai tuƙa zemijan, wato babur ɗin haya, ya zauna kusa da ni a zaure. Aka kawo wake da shinkafa, ya dubi kwanon ya kau da kai. Can sai ya zaro wata 'yar roba siririya kamar yatsa, ya murɗa murfinta, ƙwayoyi uku farare kamar gero suka faɗo, ya jefa su ƙarƙashin harshe. Na karɓa na duba, an rubuta Nux vomica 30 CH. Da kyar ya gaya mini abin da ke damunsa. Wata takwas ke nan cikinsa na kumburi yana ƙugi, yau gudawa, jibi bayan gida ya ƙi fita, in ya samu ya zagaya sai murɗar ta lafa. Ya daina ɗaukar fasinja mai nisa, don kada abin ya kama shi tsakanin Aguwe da Babbar Kasuwa.

Na san wannan ciwo a jikina. Nawa ya soma ne a 1977, shekarar da aka rushe tsohon Zango na cikin gari aka kwaso mu nan arewa da Lome. Ina saurayi, rumfar mahaifina ta tafi, ga bashi, ga ƙanne. Aka ce basir ne, aka ce gyambon ciki, wata gwaggo ta ce sammu. Na sha jiƙo, na sha ruwan kanwa. Sai bayan shekaru wani likita ya ba shi sunan da masu Faransanci ke kiransa, kolopati. Ya ce mini hanjin ba shi da rauni, saurin motsuwa ne da shi da saurin jin zafi, kuma jijiyoyi sun haɗa shi da ƙwaƙwalwa, shi ya sa duk abin da ya tsaya maka a rai yake sauka can. Ashe da gaskiyar magabata da suka ce ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba. Ciwon ba ya kisa, ba ya rikiɗa ya zama ciwon daji, amma yana hana mutum sakewa. Ya fi kama mata, kuma wani lokaci yakan biyo bayan gudawa mai tsanani. Duk wanda ya ce muku raki ne, bai taɓa ɗanɗana shi ba.

To, me ke cikin robar nan? Ana kiran hanyar homeyopati. Wani likitan Jamus, Samuel Hahnemann, ya fito da ita a 1796. A ganinsa abin da ke jawo alamun cuta ga mai lafiya shi zai warkar da mai ita, in an tsarma shi sosai. Za a ɗauki ɗigo ɗaya a zuba cikin ɗigo 99, a girgiza. Daga nan a sake ɗaukar ɗigo ɗaya a zuba cikin wani 99. Haka har sau talatin, ma'anar 30 CH ke nan. Masu ilimin sinadarai sun lissafa, tun daga wajen karo na 12 da wuya a ce ko ƙwayar zarra ta ainihin maganin ta rage. Da wannan ruwa ake jiƙa ƙwayoyin sukari. Na sa ɗaya a baki a gaban yaron, sukari ce.

A 2015 hukumar binciken lafiya ta Ostireliya ta tace bincike masu yawa, ta ce ba ta ga cuta ko ɗaya da ke da hujja mai ƙarfi cewa homeyopati na maganinta ba. Masanan ƙungiyar bincike ta Cochrane sun dubi namu ciwon a 2019, suka tarar gwaje-gwajen kaɗan ne, ƙanana, ba su isa a jingina da su ba. Ita kanta Faransa, inda aka haɗa robar da ke hannun ɗana, inshorar lafiyarta ta daina biyan kuɗin waɗannan ƙwayoyi tun 1 ga Janairu 2021.

Yaron ya ce, "Amma Kawu, wallahi na ji sauƙi." Ban ƙaryata shi ba, kuma ba zan ƙaryata ku ba. Wannan ciwo da ma tashi yake ya kwanta, kuma mutum ba ya neman magani sai ya yi tsanani, wato dab da lafawarsa. Ban da haka, a gwajin masu irin wannan ciwo, kusan huɗu cikin goma sukan ce sun samu sauƙi ko da ƙwayar da aka ba su babu komai a ciki. Mai ba da homeyopati kuwa yakan zauna da kai ya tambayi barcinka, da cinka, da abin da ke ɓata maka rai. Wataƙila ranar ce aka fara sauraron yaron nan har ya kai aya. Wannan ya taɓa ni, domin aikinmu ne mu manya, mun bar wa baƙo.

Tsorona ɗaya ne, jinkiri. A nan amiba da tsutsar ciki sukan zo da kamanni irin waɗannan, ga kuma cututtukan da suka fi su muni. Wanda ya ga jini a bayan gidansa, ko yana rama ba dalili, ko zazzaɓi, ko gudawa na tashinsa daga barci, ko jininsa ya yi ƙasa, ko abin ya fara masa bayan shekara 50, kada ya tsaya tsotsar sukari, kada kuma ya sayi Flagyl a kan tire. Ya je a auna kashi da jini. In abin ya fi ƙarfin asibitin unguwa, akwai likitocin ciki a asibitin CHU Campus. Ku faɗa musu komai dalla-dalla, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

In an auna an ce kolopati ce, sauran aikin naku ne. Ku sayi ɗan littafi, mako biyu kuna rubuta abin da kuka ci da yadda cikin ya kwana. Masana a Jami'ar Monash ta Ostireliya sun nuna cewa wake, albasa, tafarnuwa, burodin alkama, madara da mangwaro suna tara iska da ruwa a hanjin mai wannan ciwo. Kada ku yanke su duka ku zauna da yunwa. A ajiye ɗaya na ɗan lokaci, a dawo da shi, a ga. Ni albasa ɗanya ce abokiyar gabata, kosai kuwa biyu nake ci in tsame hannu. Ku ci a kan lokaci, ku rage yaji da kofi, ku yi tafiya da ƙafa, da azumi kada ku afka wa kwano gaba ɗaya. Likita na da maganin murɗa na gaske, har da na man na'a-na'a. Damuwar kuɗin mai babur ko ta gidan miji kuwa, ku kawo mana ita, mu zauna.

Ran Litinin ɗan ƙanwata zai goya ni a bayan babur ɗinsa mu je awo. Wanda ke jin kunyar zuwa shi kaɗai, ya same ni a zaure bayan sallar asuba, mu tafi tare.