Darasi na Bakwai: Goron Salla da Tara Tsabar Kuɗi a Al'adar Hausawa

7.1 Gabatarwa

Bahaushe ya ba kowace irin kyauta sunanta. Wadda matafiyi ya zo da ita tsaraba ce, wadda ake ba ɗan aike tukuici, wadda saurayi ke kai wa budurwa kuwa toshi. Wannan darasi ya taƙaita a kan goron salla, wato ɗan abin da manya ke ba yara idan sun je barka da salla, da kuma yadda tsabar kuɗi ta raya wannan al'ada. An ɗauki misalai daga ƙasashen Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, a kudancin Jihar Katsina.

7.2 Daga Wuri zuwa Kwabo

Sunan kyautar ya nuna asalinta. Goro, wanda fatake ke ɗaukowa daga Gwanja, shi ne abin girmamawa a wurin Bahaushe. Da kuɗi suka maye gurbinsa a hannun yara, sai sunan ya zauna.

Kuɗin farko da aka fi sani shi ne wuri, wanda ake samowa daga tsibiran Maldif na Tekun Indiya. Hasali ma kalmar "kuɗi" jam'in "wuri" ce. Heinrich Barth, Bajamushen da ya ratsa Katsina da Kano a 1851, ya lura cewa a ƙasar Hausa ba a shirya wuri a zare kamar yadda ake yi a bakin teku. Zube shi ake yi a ƙirga biyar-biyar. Wuri 20 shi ne hauya, 20,000 kuwa keso guda. Ƙirgar kuɗi a wancan zamani gwaninta ce sosai.

Zuwan Turawa ya kawo kuɗin ƙarfe, musamman bayan kafa hukumar kuɗi ta Afirka ta Yamma a 1912. A yankin da ake magana a kai, cinikin auduga a fuloti da biyan haraji na cikin abin da ya shigar da su ƙauyuka. Anini da ɗari da kwabo duk masu huda ne a tsakiya, shi ya sa ake zura su a igiya ko tsumma a ɗaure. Anini 10 ne kwabo, kwabo 12 sule, sule 20 fam. A tsakani akwai ahu, wato kwabo da ɗari, sai taro, kwabo uku, sai sisi, kwabo shida, sai nai, kwabo tara. Ɗalibin harshe zai lura cewa kwabo da sisi da nai da sule da fam duk aro ne daga Ingilishi, an daidaita su da tsarin sautin Hausa har baƙuncinsu ya ɓace. Taro kuwa ta hanyar Yarabanci ya shigo.

7.3 Yawon Salla da Asusu

Bayan an sauko daga idi, yara kan yi ƙungiya su bi gidajen dangi da maƙwabta da na masu sarauta. A Ƙanƙara ƙofar Sarkin Pauwa kan cika, a Faskari kuma ta Sarkin Yamma. Amfanin tsaba a nan shi ne tana rabuwa. Magidanci mai sule guda yana iya sallamar yara goma sha biyu, kowa da kwabonsa, ba wanda ya koma da ɓacin rai. Da yamma yaran kan zube abin da suka samu a tabarma, su ware kwabo daban, sisi daban, su jera, su raba. Abin da aka tsira da shi daga mai alewa sai ya faɗa asusu, ɗan tulun yumɓun nan mai tsaga wanda ba a ganin cikinsa sai an fasa. Yarinya kan tara nata har ta sayi kaza, kazar ta kai ta ga akuya. Ba wanda ya kira wannan darasin lissafi, amma tarawa da rabawa da tattali duk suna ciki.

Irin wannan sha'awa ba ta tsaya ga Hausawa ba. A Amurka akan jera santi 50 a naɗe su cikin takarda a kai banki. Wasu ma sun mayar da abin aikin nishaɗi, suna karɓo ƙunsassun sulalla suna warwarewa don neman na santi goma da na santi ashirin da biyar waɗanda aka buga kafin 1965, saboda azurfar da ke cikinsu.

7.4 Ɓacewar Tsaba da Matsalar Malami

Ranar 1 ga Janairu, 1973, Nijeriya ta koma naira da kwabo. Hausawa suka ci gaba da kiran kwabo goma sule, kwabo biyar sisi, naira biyu fam. A 1991 aka mayar da kwabo hamsin da naira ɗaya na ƙarfe, a 2007 kuma Babban Banki ya fito da sababbi har da na naira biyu, amma tsadar kaya ta sa kasuwa ta ƙi su. Goron salla ya koma sababbin takardu, wani lokaci ma turowa ta waya, wanda kan maƙale a hannun iyaye. Rashin tsaro kuma, wanda ya kai ga sace ɗaliban makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a Disamban 2020, ya taƙaita yawon salla tsakanin ƙauyukan wannan yanki.

A nan ne abin ya shafi malami. Yaron Sabuwa zai ce "ba ni da ko sisi" ko "ko anini", alhali bai taɓa riƙe ɗayansu ba. Idan ya ci karo da sule da fam a Magana Jari Ce na Abubakar Imam, ba zai gane nauyin ciniki ko tarar da ake magana a kai ba. Bayanin baka kaɗai ba ya wadatarwa. Ya fi kyau malami ya nemo tsofaffin kwabbai a wurin dattawa, ya zo da su aji a taɓa, a zura a zare, a ƙirga har su cika sule.

7.5 Jinga

Ɗalibi ya tattauna da dattijo ko dattijuwa a garinsu game da goron sallar ƙuruciyarsu, ya rubuto sunayen kuɗin da ya ji, da darajar kowanne, da maganganun yau da kullum da sunan ya wanzu a cikinsu.