Tsohuwar Bindiga da Sabon Harsashi: Faɗakarwa ga Maharba

A ƙasar Abaji, wadda take kudu maso yammacin Yankin Birnin Tarayya a kan hanyar Lakwaja, farauta tsohuwar sana'a ce, kamar yadda take a wurare da yawa na ƙasar nan. Da an gama girbi, rani ya kama, maharba sukan ɗauko bindigoginsu, kuma wasu daga cikinsu na gado ne, waɗanda aka ƙera a Ingila ko Beljiyam tun zamanin mulkin Turawa. Wannan faɗakarwa ba ta shafi bindigar toka da ake ɗura wa albarushi ta baki ba. Ta shafi wadda ake karyawa a sa mata harsashi ta baya, mai baki ɗaya ko mai baki biyu.

Abin da ya kamata mai irin wannan bindiga ya sani shi ne, shigar harsashi cikin bindiga ba shaida ba ce ta cewa nata ne.

A gindin bututun bindiga akwai wani gurbi mai ɗan faɗi inda harsashi yake zama. Gabansa kaɗan sai ramin ya tsuke. Akasarin maharba sun san lamba 12 da aka rubuta a jikin harsashi, amma faɗi kurum take nunawa, watau kamar milimita 18 da rabi. Tsawon gurbin wani abu ne dabam. Yawancin bindigogin farauta da maƙeran Birmingham da London suka yi kafin Yaƙin Duniya na Biyu, gurbinsu inci 2½ ne, milimita 65 ke nan. Harsashin da ya fi yawa a yau kuwa na inci 2¾ ne, milimita 70, har ma akwai na inci 3, milimita 76.

Ga inda ruɗin yake. Tsawon da aka rubuta a kwali, tsawon kwanson ne bayan an harba, bakinsa ya buɗe. Kafin a harba, bakin a naɗe yake, saboda haka harsashi mai 70 ya gaza milimita 65 a tafin hannu. Zai shiga tsohuwar bindiga lami lafiya, ta rufu ba gardama, mai ita ya ɗauka sun dace. Sai an ja kunama, naɗin ya warware, ya rasa wurin miƙewa, ya kwanta a daidai inda ramin ya fara tsukewa. Ƙwayoyin dalma kuwa tilas su kutsa ta wannan ƙunci, ƙarfin albarushi ya ƙaru a baya. Wannan ƙari shi kaɗai ba lalle ya fasa lafiyayyar bindiga ba. Amma fa dogon harsashi galibi ya fi gajere cika, an kuwa yi shi ne domin ƙarfen zamani, ba domin bututun da ya yi shekara tamanin yana shan damina da tsatsa ba. Bindigar takan jure yau, ta jure gobe, tana ta sassautawa, ran da za ta fashe kuma kusa da hannun da yake tallafe da ita da fuskar mai harbi take fashewa.

Alamun rashin dacewa ba su da wuyar ganewa: dukan kafaɗa fiye da yadda aka saba, da kwanso mai yagaggen baki ko mai wuyar zarowa.

To, yaya mutum zai san tsawon gurbin bindigarsa? A cire bututun, a kifa shi, a duba shafaffen wurin da yake ƙarƙashin gindinsa. Nan gidajen gwajin bindiga suke buga hatiminsu. Na Birmingham tun 1813 aka kafa shi. Daga 1925 ka'idar Ingila ta sa a riƙa buga tsawon gurbi da inci, kamar 2½. Bindigar Beljiyam tana da haruffan ELG, kuma wadda aka yi daga 1924 za a ga 12-65 ko 12-70. Ta Rasha mai suna Baikal akasari 12/70 ce. In bindigar Ingila ba ta da hatimin da ya nuna an gwada ta da albarushi marar hayaƙi, irin su kalmar NITRO ko haruffan NP, to baƙin albarushi aka yi ta dominsa. Haka kuma a yi hattara da bututu mai zane kamar na murɗaɗɗiyar igiya, wanda aka ƙera da naɗaɗɗun sillayen ƙarfe. A ra'ayinmu irin wannan ta cancanci hutu a jikin bango. In hatimin ya goge, kada a yi kirdado, kada kuma a kai wa maƙerin kasuwa ya ƙwaƙule gurbin, domin yana rage kaurin ƙarfe ne a wurin da aka fi bukatarsa.

Gajeren harsashi a dogon gurbi ba laifi, muddin lambar faɗinsu ɗaya ce. Dogo a gajeren gurbi shi ne abin gudu.

Akwai wani haɗari kuma da yake zuwa daga aron harsashi a wurin farautar gayya. Harsashi mai lamba 20, wanda galibi rawaya ne, in aka sa shi a bindiga mai lamba 12, zarcewa yake ya maƙale a cikin bututu. Mai harbi ya ga gurbi wayam, ya sa wani a bayansa. Don haka kada a haɗa iri biyu a jaka ɗaya, kuma a leƙa cikin bututu a ga haske kafin a ɗura.

Dokar Bindigogi ta 1959 ta hana riƙe irin wannan bindiga sai da lasin daga Sufeto Janar na 'Yan Sanda, kuma lasin uba ba ya zama na ɗa don ya gaji bindigar. Wanda ya gaji bindiga sai ya sanar da ofishin 'yan sanda mafi kusa da shi tun kafin ya yi tunanin fita daji da ita.