A KAN CINIKIN GONA DA TAKARDAR ƘARYA

Ya kai mai-karatu, ka sani tun da aka yanke jihar Jigawa daga Kano a shekara ta 1991, aka mai da Dutse babban birninta, ƙasa ta yi tsada. Gonar da dā akan shuka gero a ciki, yau filin gini ce. Sabada haka husuma ta yi yawa. Mai-saye ya kawo takarda, ya ce an sayar masa. Mai-gona kuwa, ko magadansa, su ce hannun da ke cikin takardar ba nasu ba ne. Ɗayan biyu ne: ko wannan ya ƙaga takarda, ko wancan yana musun cinikin da ya yi da bakinsa. Kowanne ya zama, sata ce.

Ga yadda shari'a take. Dokar ƙasa ta 1978 ta sa dukan ƙasar jiha amana a hannun Gwamna. Wanda ya riƙe fili da takardar Gwamna ba shi da iko ya sayar sai da yardarsa. Gonar ƙauye kuwa sai da yardar ƙaramar hukuma. Idan mai-saye ya biya kuɗi, mai-sayarwa ya juya baya, kotu tana da iko ta tilasta masa ya cika cinikin. Wanda ya ce takarda jabu ce, nauyin shaida yana wuyansa, gama dokar shaida ta 2011 ba ta karɓar zargin laifi bisa zato kawai, ko a cikin shari'ar dukiya ne. Alƙali kuma yana da iko ya gwada sa hannu ko dangwalen yatsa da wani wanda aka tabbata na mutumin ne. Mai-ƙaga takarda, dokar laifuffuka ta Arewa ta 1960 ta aza masa ɗauri har shekara 14.

Annabi Irmiya ya bar mana gurbi mai-kyau. Sa'ad da ya sayi gonar ɗan'uwansa Hanamel a Anatot, ya auna azurfa shekel 17, ya rubuta takarda, ya hatimce ta a gaban shaidu, aka ajiye ta cikin tukunyar ƙasa domin ta daɗe. Yezebel kuwa ta rubuta wasiƙu da sunan Ahab, ta buga hatiminsa, har aka kashe Nabot sabada gonarsa ta inabi.

To, kai ma in za ka saya, ka kirawo dagaci ko mai-unguwa da maƙwabtan gonar, ku taka iyaka tare. In gado ce, ka nemi yardar dukan magada. In ɗayanku bai iya karatu ba, a karanta masa takardar da harshensa kafin ya dangwala, marubucin kuma ya sa sunansa. Kowa ya riƙe tasa.

Idan ka sayar, kada ka yi musu domin ka ga kuɗin wurin ya hau. Ciniki ya faɗa tun ran da ka karɓi kuɗi. Idan kuma takardarka ta gaskiya ta ɓace, kada ka rubuta sabuwa da tsohon kwanan wata, ka kawo shaidunka. Gara ka rasa gonar da ka same ta da hannun ƙarya, gama Allah ya ga ranar da aka yi cinikin, ya kuwa san wanda ya riƙe alƙalami.