Sabuwar Gwamnati da Farashin Gangar Mai: Darasi Daga Benezuwela

Duk ɗalibin harshe da zai yi aikin fassarar labarai, a gidan rediyo ko a jarida, ba makawa wata rana a miƙo masa labarin da ke cewa farashin ɗanyen mai ya tashi ko ya faɗi saboda an sami sauyin gwamnati a wata ƙasa. Fassara jimlar ba ta da wuya. Inda gizo ke saƙar shi ne sanin abin da ya haɗa akwatin zaɓe da gangar mai. Saboda haka a wannan maƙala na ɗauki misali guda domin mu bi shi daki-daki, wato abin da ya faru bayan Hugo Chavez ya hau mulkin Benezuwela, a Kudancin Amurka, cikin watan Fabrairu na 1999.

Bari mu fara da kalmomi biyu. Ganga a nan ma'auni ce, lita 159, kuma da ita ake cinikin ɗanyen mai a duniya, da dalar Amurka. Kaso kuwa shi ne adadin gangunan da ƙungiyar OPEC ke yanka wa kowace ƙasa tata ta haƙo a rana. An kafa OPEC a Bagadaza a 1960, Benezuwela na cikin ƙasashe biyar da suka kafa ta, Nijeriya kuma ta shiga a 1971. Hikimar kason a bayyane take ga duk wanda ya taɓa shiga kasuwar hatsi da kaka: in kaya ya yi yawa, farashi ya karye. Matsalar ita ce ƙungiyar ba ta da ɗan sanda. Kowace ƙasa tana iya sa hannu a takarda da rana, ta buɗe famfo da dare.

A shekarun 1990 babu wanda ya kai Benezuwela buɗe famfon nan. Kamfanin mai na ƙasar, PDVSA, a ƙarƙashin Luis Giusti, ya gayyato kamfanonin waje, ya kuma tsara ninka abin da yake haƙowa zuwa wajen ganga miliyan 6 a rana. Ƙasar tana zarce kasonta da dubban ɗaruruwan ganguna, ba ta ma ɓoyewa. Ana cikin haka tattalin arzikin ƙasashen gabashin Asiya ya durƙushe a 1997, masu saye suka ragu. A daidai lokacin ne OPEC, a taronta na Jakarta cikin Nuwamban shekarar, ta ƙara yawan abin da take fitarwa da kashi 10 cikin ɗari. Kasuwa ta cika ta batse. An yi alkawarin ragewa har sau biyu a 1998, amma 'yan kasuwa ba su gaskata ba, kuma suna da hujja. Zuwa Disamban 1998 ganga ta faɗo wajen dala 10. A Maris na 1999 mujallar The Economist har tana hasashen za ta iya saukowa dala 5.

To, me sabuwar gwamnatin ta canza? Ba ta gano sabuwar rijiya ba, ba ta kuma rufe tashar jiragen ruwa ba. Giusti ya bar kujerarsa, aka ba Ali Rodriguez ma'aikatar makamashi, gwamnati ta bayyana cewa daga yanzu za ta tsaya a kan kasonta, domin ta fi son ta sayar da kaɗan da tsada a kan ta sayar da mai yawa da araha. A ranar 23 ga Maris 1999, a Biyena, OPEC ta amince da rage ganga miliyan 1.7 a rana. Meksiko da Norwe da Rasha da Oman, waɗanda ba 'yan ƙungiyar ba ne, suka yi alkawarin nasu ragin, jimla ta kai wajen miliyan 2.1. A wannan karon aka cika yawancin alkawarin. Kafin shekara ta zagayo, ganga ta haye dala 30.

A nan nake so mai karatu ya dakata. A ganina abin da ya fara motsa farashin shi ne amana. Dillalan Landan da New York suna cinikin man da za a kawo nan da wata uku ko shida, don haka abin da suke zaton gwamnati za ta yi gobe yana shiga farashin yau. Saudiyya ma, wadda ita ce babbar giwa, ba za ta yarda ta rage nata ba muddin tana ganin duk gangar da ta janye wata ƙasa za ta maye gurbinta a matatun Amurka. Da babban mai saɓa alkawari ya tuba, sai sauran suka sami natsuwar cika nasu. Amma kada mu ba mutum ɗaya ladan gayya. Iran ma tana da sabon shugaba tun 1997, Muhammad Khatami, wanda ya gyara dangantaka da Saudiyya, kuma ƙasashen Asiya sun fara farfaɗowa suna sayen mai.

Chavez bai tsaya nan ba. A Agustan 2000 ya zagaya ƙasashen ƙungiyar, har da Bagadaza wajen Saddam Husaini, abin da ya fusata Amurka. A Satumba ya tara shugabanninsu a Karakas, taro na biyu irinsa tun bayan na Aljeriya a 1975. Babban sakataren OPEC a lokacin ɗan Zariya ne, Dokta Rilwanu Lukman, kuma Ali Rodriguez ne ya gaje shi a Janairun 2001.

Zafin tsadar ya isa ƙasashe masu saye. A Satumban 2000 direbobin manyan motoci da manoma a Faransa da Ingila suka tare hanyoyin matatu da ma'ajiyar mai, gidajen mai da yawa suka ƙafe. Shugaba Clinton ya ba da umarnin a fitar da ganga miliyan 30 daga rumbun ajiyar gwamnatin Amurka. Mu ma nan gida mun ɗanɗana, ta fuska biyu. Baitulmali ya sami kuɗi, amma da yake matatunmu ba sa wadatar da mu, fetur ɗin da ake shigowa da shi ya ƙara tsada. A Yunin 2000 gwamnatin Obasanjo ta ɗaga lita daga naira 20 zuwa 30, ƙungiyar ƙwadago ta tafi yajin aiki, aka daidaita a kan 22.

Ɓangare na biyu na labarin ya fi ɗaci. A Nuwamban 2001 aka kafa dokar da ta ɗaga ladan da gwamnati ke karɓa a kan kowace ganga zuwa kashi 30 cikin ɗari, ta kuma wajabta gwamnati ta riƙe fiye da rabin hannun jari a sababbin ayyukan haƙa. Rikici ya ɓarke tsakanin fadar shugaba da manyan PDVSA. Aka yi juyin mulkin kwana biyu a Afrilun 2002, sannan yajin aikin da ya fara a Disamba ya kusan tsayar da fitar da mai gaba ɗaya. Amurka, wadda ke sayen wajen ganga miliyan ɗaya da rabi a rana daga can, ta shiga neman madadi ana dab da yaƙin Iraƙi. OPEC ta ƙara ganga miliyan 1.5 a Janairun 2003, duk da haka farashi ya doshi dala 40 a New York cikin Fabrairu. Da gwamnati ta yi nasara, ta kori ma'aikata wajen 18,000, cikinsu har da injiniyoyin da suka san sirrin rijiyoyin. Ni a wurina wannan kora ita ce asarar da ƙasar ba ta taɓa mayarwa ba.

Hanyoyin ciniki su ma suka karkata. Kyuba ta fara karɓar ganga 53,000 a rana bisa sassauci tun 2000, ƙasashen Karibiyan suka biyo baya a shirin Petrocaribe na 2005, Sin kuma daga 2007 ta riƙa ba da bashin da ake biya da ɗanyen mai. A shekarar ce ExxonMobil da ConocoPhillips suka fice, bayan gwamnati ta karɓe ragamar ayyukan yankin Orinoko. Man wannan yanki mai kauri ne, ba kowace matata ke iya tace shi ba, kuma da yawa daga masu iyawa suna gaɓar tekun Texas da Louisiana. Shi ya sa duk da zage-zagen siyasa, jiragen dakon mai suka ci gaba da zuwa can har Chavez ya mutu a 2013, har zuwa Janairun 2019 da gwamnatin Trump ta sa wa PDVSA takunkumi. A tsakiyar 2020 ƙasar da take haƙo fiye da ganga miliyan 3 a rana a 1998 ta koma ƙasa da rabin miliyan.