Tsofaffin Hotunan Gona: Tarihin da ke Cikin Akwatunanmu

Hausawa na cewa gani ya kori ji. Mu a nan Mashi, da sauran garuruwan da ke tsakanin Katsina da Daura, yawancinmu 'ya'yan manoma ne. Amma in mun buɗe littafin tarihi, labarin sarakuna da yaƙe-yaƙe muke tararwa: Bayajidda da rijiyar Kusugu, jihadin 1804, zuwan Turawa a 1903. Manomin da ya ciyar da kowa ba a cika ambatonsa ba. Shi nasa tarihin yana cikin tsofaffin hotunan da ke ƙasan akwatunan iyayenmu, inda gara da danshi ke cinye shi a hankali.

Abin da hoto ke koya mana

Kada idonmu ya tsaya a kan fuskoki kawai. Mu duba bayan mutanen. Rumbuna nawa ne a gidan? Da hauya ake noma ko da garmar shanu? In mun ga uba da 'ya'yansa da ƙannensa a gona ɗaya, gandu ke nan, wanda ya ragu ƙwarai a yau. In mun ga buhunan gyaɗa jibge, mu tuna da zamanin dalar gyaɗa a Kano, kafin farin 1973 da cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975 su durƙusar da wannan ciniki. Itatuwa ma shaida ne. Mu ƙirga gawo da kuka da ɗorawa a cikin hoton, sa'an nan mu je gonar mu ƙirga waɗanda suka saura.

Hoto ba ya magana

Hoton da ba suna ba shekara, rabin amfaninsa ya tafi. Don haka mu zauna da kakanninmu tun suna da rai, mu tambaye su: Su wane ne waɗannan? Wace gona ce? Me aka shuka? In Kaka ba ta riƙe shekara ba, za ta tuna abin da ya faru. Canjin hannu a kan titi a 1972 aka yi shi, naira ta maye gurbin fam a 1973, an kuma kafa Jihar Katsina a 1987.

Yadda za mu adana su

1. Mu riƙe hoto ta gefe, da hannu mai tsabta.
2. Mu rubuta bayani a bayansa da fensir, domin tawadar biro tana huda takarda ta ɓata fuska.
3. Kada mu sa gam ko salatif, kada kuma mu kai a manne shi da leda mai zafi, gama ba ya sake fitowa.
4. Mu sa kowane hoto cikin ambulan, mu ajiye a akwati nesa da ƙasa, da bango mai danshi, da hasken rana.
5. Mu ɗauke shi da waya, mu aika wa 'yan'uwa biyu ko uku, saboda gobara ko ambaliya.

Aikin hutu

Kowane ɗalibi ya nemi izinin iyayensa, ya zaɓi hoto ɗaya, ya rubuta shafi guda a kansa daga bakin wani dattijo. Asalin hoton ya zauna a gida, kwafinsa za a kawo ɗakin karatu. Dattijon da ya san sunayen nan ba zai jira mu har abada ba.