Zango Uku Kafin Saƙo Ya Isa: Nazari a Kan Tor da Kalmominsa

A cikin wannan ɗan nazari ina so in tattauna da 'yan'uwana ɗalibai a kan wata hanyar sadarwa da ake kira Tor, wadda mutane ke bi su shiga intanet ba tare da an gane daga inda suka fito ba. Wani zai ce, me ya haɗa ɗalibin Hausa da wannan? To, mu ne za a miƙo wa takarda gobe a gidan rediyo a ce mu fassara, kuma mutum ba ya raɗa wa abu sunan da ya dace sai ya san yadda abin yake aiki. Ni ba da Hausa na buɗe baki ba, Kanuri ne harshen gidanmu, shi ya sa nakan juya kalma gaba da baya kafin in amince da ita.

Asalin dabarar daga ɗakin binciken sojojin ruwan Amurka ta fito a tsakiyar shekarun 1990, a hannun Paul Syverson da Michael Reed da David Goldschlag. An saki Tor a 2002, sannan a 2006 Roger Dingledine da Nick Mathewson da abokan aikinsu suka kafa ƙungiyar da ke kula da shi. Yadda yake aiki kuwa shi ne: kwamfutarka za ta naɗe saƙonka sau uku, ɓawo bisa ɓawo kamar albasa, ta tura shi ta cikin kwamfutoci uku na 'yan sa-kai. Kowace ɓawo ɗaya take ɓarewa. Ta farko ta san ka, amma ba ta san inda saƙon ya nufa ba. Ta ƙarshe ta san inda ya nufa, amma ba ta san ka ba. Ta tsakiya kuwa maƙwabtanta biyu kaɗai ta sani.

Me za mu kira waɗannan kwamfutoci? Turawa suna kiransu da kalmar da suke kiran tseren nan da ake miƙa sanda. Muna iya aro mu Hausantar, amma ba mai ganewa. Na ji wani ya ce “tasha”, ni dai ba ta kwanta mini ba, domin a tasha ɗan kamasho ya san daga inda kowa ya fito da inda za shi, wato kishiyar abin da ake nufi ke nan. Na fi son “zango”. Ayarin da ke tashi daga Kukawa ya bi ta Bilma zuwa Murzuk har Tarabulus, zango-zango yake tafiya, kowane zango ya karɓe shi ya miƙa gaba. Raunin kalmar shi ne a zango ana sauke kaya a kwana, alhali saƙo ba ya kwana. Sai dai faɗaɗa ma'ana ba baƙon abu ba ne gare ta, tun da ga mu nan muna cewa zangon karatu ba tare da raƙumi ko ɗaya ba. Saboda haka: zangon shiga, zangon tsakiya, zangon fita.

Zangunan nan dubbai ne, kuma mafi yawansu suna Jamus da Amurka da Holan. Afirka 'yan kaɗan gare ta. Duk wanda ya gwada kafa ɗaya a Maiduguri zai gane dalili cikin mako guda.

Matsala ta farko adireshi. Idan ka kunna zango, shi da kansa zai gwada ko ana iya iso masa daga waje ta ƙofar da ka buɗe, galibi mai lamba 9001 ko 443, ya rubuta sakamakon a littafin rahotonsa. In ya ce ba a samun ƙofar, ka fara duba fayil ɗin umarni da ake kira torrc ko ka rubuta lambar daidai, sannan katangar tsaron kwamfutar, sannan na'urar da ke raba intanet a gidan. Amma sau da yawa duk waɗannan lafiya suke. Abin da ke faruwa shi ne yawancinmu da layin waya muke shiga intanet, kamfanonin waya kuwa sukan tara kwastomomi masu yawa a bayan adireshi guda. Kamar gidan haya ne mai ƙofa ɗaya wanda ɗakunansa ba lamba: kai kana fita ka dawo, amma baƙo ba zai same ka ba. Ka gwama adireshin da kamfani ya ba na'urarka da wanda shafukan intanet ke gani. In sun bambanta, ka daina wahalar da kanka, gyaran ba a hannunka yake ba.

Ta biyu wuta, kuma a nan ne garinmu ya fi shan kashi. Akwai wasu 'yan kwamfutoci amintattu, ni “masu rajista” nake ce musu, da ke fitar da jerin zanguna kowace awa, suna yi wa kowanne shaida: wannan yana aiki, wannan mai sauri ne, wancan mai ɗorewa. Sabon zango yakan yi kamar kwana 3 kusan ba mai bi ta kansa, kuma sai ya yi wajen kwana 8 kafin a fara tunanin ba shi matsayin zangon shiga. Wanda ke mutuwa yana tashi ba zai sami shaidar ɗorewa ba. Mu tuna a Janairun 2021 aka rusa turakun layin wutar da ke zuwa daga Damaturu, Maiduguri ta yi watanni a cikin duhu, sai a 2023 aka ƙaddamar da tashar gas mai megawat 50. Ba sola da batir, maganar zango tatsuniya ce. Akwai kuma wata ƙaramar cuta da ke biyo bayan yawan ɗaukewar wuta: agogon tsohuwar kwamfuta ya rikice. Tor ba ya wasa da lokaci, in agogonka ya kauce sosai zai ga jerin masu rajista kamar ya tsufa ko bai zo ba tukuna, ya tsaya cak. Mutum sai ya kwana yana tonon torrc, alhali kwanan wata ne kawai ya koma baya.

Ta uku kuɗin data. Abin da ake nema ga zango shi ne gudun aƙalla megabit 10 a daƙiƙa, da fitar da gigabait 100 a wata, ban da mai shigowa. Ana iya sa masa iyaka, in ya cinye ya yi barci sai wani wata. Ɗalibin da ke lissafin kuɗin Keke Napep ya yi wannan lissafin da kansa.

Zangon fita kam ba na ba kowa shawarar ya ajiye shi a gida. Duk ɓarnar da wani ya yi daga wata duniya, adireshinka za a gani, kuma a garin da ya sha fama da matsalar tsaro ba ka so ka tsaya kana yi wa jami'i bayanin ɓawon albasa. Abin da ya fi dacewa da ƙarfinmu shi ne “gada”, wato zangon da ba a sa shi cikin jerin kowa da kowa ba, domin waɗanda aka toshe wa Tor a ƙasarsu. Mafi sauƙinta Snowflake, wanda ake liƙa wa burauza, ba ya bukatar adireshi na kanka, kuma in ka kashe ba wanda ka ɓata wa shaida. Ya taimaki mutane da yawa bayan Rasha ta toshe Tor a Disambar 2021, haka ma a Iran a 2022.

Saura kalmomi biyu da nake roƙon mai fassara kada ya haɗa su: toshewa da katsewa. Daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022 gwamnatin tarayya ta toshe Twitter. Hanya ɗaya aka tare, sauran a buɗe, shi ya sa jama'a suka zagaya da VPN, wanda shi zango ɗaya ne tak, mai shi kuma ya san ka ya san inda za ka. A Yulin 2022 kotun ECOWAS ta ce matakin ya saɓa wa doka. Abin da ya same mu a 2013 daban ne. Bayan dokar ta-ɓacin da aka sa a Borno da Yobe da Adamawa ranar 14 ga Mayu, layukan wayar aka katse baki ɗaya, kamar yadda aka yi wa Zamfara a Satumbar 2021. A irin wannan hali ba gada ba zango, domin Tor bisa intanet yake hawa. Manyanmu a wancan lokacin mota suke shiga zuwa jihohin maƙwabta don kawai su buga waya su dawo.