HANCIN DA YA DAINA JIN ƘAMSHI: DARASI GA DUK MAI DATTIJO A GIDA

 

'Yan'uwa masu bibiyar wannan shafi, musamman mutanenmu na Jega da Aliero da Maiyama, darasinmu na yau a kan wata ni'ima ce da ba mu cika sa ta a lissafi ba idan muna ƙirga ni'imomin Allah, wato jin ƙamshi da wari. Kowa yana tsoron makanta, kowa yana tsoron kurumta. Amma mutum zai yi shekara uku hancinsa ba ya jin komai, bai gaya wa kowa ba. In ma ya faɗa, sai a ce masa, "Haba Baba, ai tsuhwa ce." Magana ta ƙare.

To, likitocin ƙwaƙwalwa ba haka suke kallon abin ba. A wurinsu, gushewar jin ƙamshi ga babban mutum, idan ya daɗe kuma ba mura ce ta kawo shi ba, yana cikin alamomin farko na wasu cututtukan ƙwaƙwalwa, musamman ciwon karkarwa da ake kira Parkinson, da ciwon mantuwa da ake kira Alzheimer. Kuma gwada hanci abu ne da za a iya farawa a tsakar gida ba tare da an kashe ko sisi ba.

MALAMANMU SUN RIGA MU

Kada wani ya ɗauka wannan magana baƙuwa ce a addini. Duk wanda ya yi Ahlari ko Ishmawi ya san da abu uku ake gane ruwan tsarki: launi, ɗanɗano da ƙamshi. A babin diyya kuwa, malaman fiƙihu sun ce wanda ya yi wa wani rauni har jin ƙamshinsa ya gushe gaba ɗaya, cikakkiyar diyya ce a kansa, kamar wanda ya gusar da ji ko gani. Shehu Khalil, a ƙarni na takwas na Hijira, har hanyar gwaji ya ambata a cikin Mukhtasar ɗinsa: idan mutum ya yi iƙirarin ya daina jin ƙamshi, a jarraba shi da abu mai ƙarfin wari a ga yadda zai yi. Kun ga ashe gwajin hanci yana cikin littattafan da ke zaurukanmu.

Ku tuna kuma ƙissar Annabi Yaƙubu, Alaihis Salam, a ƙarshen Suratu Yusuf. Ayari na barin Masar da rigar ɗansa, ya gaya wa waɗanda ke tare da shi yana jin ƙamshin Yusuf, kuma ya san za su ce ruɗewar tsufa ce. Haka kuwa suka yi. Wannan mu'ujiza ce, ba gwajin asibiti ba, amma akwai darasi a ciki: mutane suna da saurin jingina maganar dattijo ga tsufa ba tare da sun bincika ba.

MENE NE HAƊIN HANCI DA ƘWAƘWALWA?

A can saman kogon hanci akwai wasu ƙananan jijiyoyi masu kama ƙamshi. Suna ratsa wani siririn ƙashi mai huji-huji su shiga ƙwaƙwalwa kai tsaye, kusa da sashen da ke riƙe tunani. Shi ya sa za ka ji ƙamshin wani turare, nan take ka tuna kakarka da ta rasu shekara ashirin.

Ciwon Parkinson, wanda likitan Ingila James Parkinson ya bayyana a 1817, yana faruwa ne idan ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu samar da wani sinadari da ake kira dofamin suka riƙa mutuwa a hankali. Sai hannu ya fara rawa ko da mutum yana zaune, jiki ya yi tauri, tafiya ta koma ƙananan taku, fuska ta daina motsi. Shi ne ciwon da ɗan damben nan Muhammad Ali ya rayu da shi daga 1984 har rasuwarsa a 2016, Allah Ya jiƙansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 masu wannan ciwo sun haura miliyan 8.5.

Tun 1975 likitoci suka fara rubuta cewa masu Parkinson ba sa jin ƙamshi sosai, kuma bincike daga baya ya nuna kusan tara cikin goma haka suke. A 2003 wani masani Bajamushe, Heiko Braak, ya nuna cewa ɓarnar kan fara ne a wurare irin su cibiyar jin ƙamshi kafin ta kai sashen da ke kula da motsi. A Honolulu ta Amurka an bi diddigin dattawa maza sama da 2,000, aka fitar da sakamako a 2008: waɗanda suka fi rauni a gwajin hanci sun fi waɗanda suka fi ƙarfi kamuwa da Parkinson kusan ninki biyar cikin shekara huɗu da suka biyo baya. Ma'ana, hanci yakan yi magana shekaru kafin hannu ya fara rawa. A ciwon Alzheimer ma, kasa bambance ƙamshi yakan zo da wuri.

KADA KOWA YA FIRGITA

Ku riƙe wannan da kyau kafin wani ya rufe waya ya ce ya kamu. Mafi yawan waɗanda suka daina jin ƙamshi ba su da Parkinson kuma ba za su yi shi ba. Mura tana kawo shi. Toshewar hanci ta lokacin hunturu tana kawo shi. Tsiro a cikin hanci, shan taba, buguwar kai a haɗarin mashin, duk suna kawo shi. Mun gani da idonmu a 2020 lokacin korona, yadda mutane suka wayi gari ba sa jin ƙamshin miya, yawancinsu kuma ya dawo. Tsufa kanta tana rage shi: binciken Richard Doty na 1984 ya nuna fiye da rabin masu shekara 65 zuwa 80 suna da raunin jin ƙamshi. Saboda haka gwajin gida ba ya yanke hukunci. Aikinsa ɗaya ne, ya gaya maka ko lokacin ganin likita ya yi.

YADDA ZA A YI GWAJIN

A asibitocin waje akwai katin gwaji mai ƙamshi iri 40, wanda shi Doty ɗin ya ƙirƙiro a Jami'ar Pennsylvania, ana kankarewa a shinshina. Namu na gida bai kai wannan inganci ba, amma yana buɗe ido.

1. A samo abu shida zuwa takwas da mutum ya saba da su: ɓawon lemu, daddawa, ƙuli-ƙuli, busasshen kifi, man shanu, sabulun wanka, ayaba, turaren shafawa. A sa kowanne a ƙaramin kofi mai murfi.

2. Kada a sa albasa. Na san mutanen Aliero za su ce an taɓa sarauniya, amma akwai dalili. Albasa da barkono da man zafi suna yin yaji a hanci da ido, kuma wata jijiya ce daban ke jin wannan yajin. Mutumin da jin ƙamshinsa ya mutu zai iya gane albasa, sai a ɗauka lafiyarsa lau.

3. Kada a kuskura a yi da fetur, kananzir, fiya-fiya ko maganin feshi. Guba ne.

4. Mutum ya rufe ido, wani ya riƙa kawo masa kofin kusa da hanci. A toshe kafa ɗaya a gwada ɗayar, sannan a juya. A ɗan dakata kamar rabin minti tsakanin abu da abu.

5. A tambaye shi biyu: ka ji wani abu? Mene ne? In sunan ya ɓace masa, a ba shi zaɓi huɗu ya ɗauki ɗaya.

6. A gwada wani sa'ansa mai lafiya da kayan nan, don a tabbata ba kayan ne suka huce ba.

7. Ba a yi lokacin mura. A rubuta kwanan wata da adadin da ya gane, a sake bayan wata ɗaya.

Mai azumi ya bari sai an sha ruwa, kuma a nisanci hayaƙin turaren wuta, don a mazhabarmu hayaƙin da aka shaƙa da gangan ya kai maƙogwaro yana ɓata azumi.

Sannan ladabi. Ba a tara jikoki a mai da uba abin dariya. Ka same shi shi kaɗai ka ce, "Baba, wani abu na karanta, bari mu gwada ni da kai," ka fara da kanka.

YAUSHE ZA A TAFI ASIBITI?

Idan an gwada sau biyu ya kasa gane yawancinsu, kuma hancin ba a toshe yake ba, a je. A ƙara gaggawa idan akwai ɗaya daga cikin waɗannan: daɗaɗɗen taurin bayan gida, ihu da duka da shuri a cikin barci kamar yana faɗa a mafarki, rawar hannu ɗaya, rubutu ya ƙanƙance, murya ta yi ƙasa, yawan maimaita tambaya ɗaya, ɓacewa a hanyar masallacin da ya yi shekara talatin yana bi, ko rikicewar lissafi ga ɗan kasuwar da a da ba ya buƙatar biro.

A fara da babban asibitin Jega, ko na Aliero, ko na Maiyama. Idan da buƙata za su tura Birnin Kebbi, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, ko asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware. A tafi da takardar da aka rubuta sakamakon, a kuma gaya wa likita maganar hancin ko bai tambaya ba.

Wani zai ce, "Malam, tunda an ce ba ya warkewa, mi ar ranar sani?" Amfanin yana da yawa. Parkinson yana da maganin da ke sassauta shi sosai, levodopa, wanda ake amfani da shi tun shekarun 1960, kuma motsa jiki yana taimakawa. Wata mantuwar kuma asalinta ƙarancin sinadarin B12 ne ko matsalar maƙoƙo ko ciwon damuwa, kuma waɗannan ana maganinsu. Hawan jini da ciwon suga da ba a kula da su ba suna cin ƙwaƙwalwa. Wanda ya sani da wuri zai rubuta basussukansa da wasiyyarsa, ya fayyace gonakin da ke hannunsa na aro ne ko na gado, ya yi aikin Hajji idan da hali tun ƙafa na ɗaukarsa. Shari'u nawa ne ke gaban alƙalai yau saboda dattijo ya rikice kafin ya yi bayani? Kuma wanda ba ya jin wari ba zai ji tukunyar gas na yoyo ba, ba zai ji abinci ya lalace ba. Dole iyali su sani su tsare shi.

Aliero garin ɗori ne, daga nesa ake kawo masu karaya. Kowane maɗori zai gaya maka karayar da aka kawo ranar da ta faru daban take da wadda ta yi wata biyu a gida. Haka wannan ma.

GA MANOMANMU

Bincike da dama sun danganta daɗewa ana mu'amala da wasu magungunan feshi, musamman na kashe ciyawa mai suna paraquat, da ƙaruwar haɗarin Parkinson. Tarayyar Turai ta hana amfani da shi tun 2007. Mu kuwa yaro zai goya tankin feshi a fadama ba takunkumi, ba safar hannu, yana yoyo a bayansa, ya gama ya ci abinci bai wanke hannu ba. Ku ji tsoron Allah a kan 'ya'yanku da 'yan ƙwadagonku. A rufe hanci da baki, kada a yi feshi ana fuskantar iska, a yi wanka a sauya tufa bayan an gama, kuma kada a zuba ruwan sha ko mai a jarkar magani.

ABIN DA YA FI DAMUNA

Idan hannun tsoho ya fara rawa, sai a ce jifa ne. Idan tsohuwa ta fara sambatu tana fita da dare, sai a ce aljanu, wani wurin ma a ce mayya ce. A sayar da buhunan albasa a kai wa boka, a ɓata zumunci da zargin kishiya ko ɗan'uwa, alhali ciwo ne mai suna wanda likita ya sani. Zargin Musulmi da sihiri ko maita ba hujja zalunci ne babba, zuwa wurin boka kuwa kun san hukuncinsa.

Ruƙiyya ta shari'a gaskiya ce, addu'a makamin mumini ce, a yi su. Amma Annabi, Sallallahu Alaihi Wasallam, shi ne ya umarce mu da neman magani, kamar yadda ya zo a hadisin Usamatu bin Sharik wanda Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito. Shi ne kuma ya kasance yana neman tsari daga a mayar da mutum zuwa mafi ƙasƙancin shekaru, waɗanda Suratun Nahli ta siffanta da cewa mutum yakan koma bai san komai ba bayan ya sani. Wanda hankalinsa ya gushe an ɗauke masa alƙalami. Mu da ke kewaye da shi ba a ɗauke mana ba. Idan mahaifiyarka ta tambaye ka abu ɗaya sau goma, amsa ta goma ma ibada ce.

Don haka aikin wannan mako: duk mai uba ko uwa ko kaka da suka haura shekara sittin, ya tambaye su cikin ladabi ko suna jin ƙamshin abinci kamar da. In amsar ta sa shakka, a yi gwajin. Don Allah kada a turo mini sakamako ta akwatin saƙo a ce in fassara, ni limami ne, likita za a kai wa.

Allah Ya jiyar da mu daɗin jinmu da ganinmu da hankalinmu muddin muna raye, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya jiƙan iyayenmu. Wanda ya karanta ya tura wa ɗan'uwansa.

Wallahu a'alam.